Marigayi Mustafa Alasan, mai zanen da ke motsi

A ran 13 ga watan Satumba na 1969, gidan talabijin na CBS a Amurka ya fara nuna wa yara wani wasan zane mai suna Scooby-Doo kowace safiyar Asabar. Labarin matasa huɗu ne da karensu masu bin sawun ɓarayin da ke shigar fatalwa. Wasan ya zaga duniya. Amma mutane kaɗan ne suka san cewa shekaru huɗu kafin wannan rana, wani ɗan Nijar ya riga ya sa zanensa ya yi motsi a majigi. Sunansa Mustafa Alasan.

An haife shi a 1942 a Ndunga, kusa da Yamai, bakin kogin Kwara. Kanikanci ya fara koya, amma zane ne ya ja hankalinsa. Tun yana yaro yakan yanka kwali, ya haska shi da fitila, inuwa ta faɗa a bango, jama'a su taru suna kallo. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya buɗe masa ƙofar aikin sinima. Daga nan ya tafi Kanada, inda ya ga yadda gwanin zane Norman McLaren ke aiki.

Aikin na masu haƙuri ne. Majigi na cin hoto 24 a daƙiƙa guda, saboda haka sai an zana ɗaruruwan hotuna, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa, kafin a sami kallon minti ɗaya. A Amurka ma'aikata da yawa ke raba wannan wahala. Mustafa kuwa da ƴan kayan da ke hannunsa ya yi ta.

A 1965 ya fito da La Mort de Gandji, wanda ya sami kyauta a bikin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966. A wannan shekara ya yi Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ana ta fareti da kaɗe-kaɗe. Ƴan kallo sun yi dariya, amma kowa ya gane inda aka dosa.

Abin da ya fi damun shi shi ne yadda samari ke kwaikwayon duk abin da suka gani a sinimar waje. Wannan ne tushen Le Retour d'un aventurier na 1966: wani saurayi ya dawo gida da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki, wasa ya zama fitina a gari. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Maganin da Mustafa ya kawo shi ne a ba yara labarin gida. Ya yi F.V.V.A. a 1972 kan kwaɗayin mata da gida da mota da kuɗi, ya yi Toula daga labarin Bubu Hama, ya yi Samba le grand da ƴan tsana a 1977. A Kokoa kuma ya kai kwaɗinsa filin kokowa, wasan da duk ɗan Arewa da Adar ya sani.

Ya shugabanci sashen sinima na Jami'ar Yamai shekara 15, sa'an nan ya zauna a Tawa, bai ajiye alƙalami ba har tsufa. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga watan Maris na 2015. A 2017 babban gidan adana zane na MoMA a birnin New York ya nuna ayyukansa. Saura yaran Kieshe da Dogon Dutsi da Tibiri su ma su gan su.