Wang Chung-hui, Lauyan Da Ya Yi Kwana Saba'in Yana Firayim Minista

Ran 15 ga watan Maris 1958 wani tsoho ya rasu a birnin Taipei, babban birnin tsibirin Taiwan, wanda a dā Turawa suka fi sani da sunan Formosa. Sunansa Wang Chung-hui. Sa'ad da ya rasu shi ne shugaban sashen shari'a na gwamnatin da ke mulkin tsibirin. Kafin wannan ya riƙe Ministan Shari'a, ya riƙe Ministan Harkokin Waje, ya yi alƙali a Kotun Duniya, har ya taɓa zama Firayim Minista na ƙasar Sin duka. Wannan sarauta ta ƙarshe ita ce mafi girma cikinsu, ita ce kuwa wadda ya fi gajarta zama a kanta. Muna so mu ba masu karatu labarinsa, domin a ga iyakar abin da ilmin doka ke iya yi a ƙasar da masu bindiga suka fi alƙalai ƙarfi.

Ba a Taiwan aka haife shi ba. An haife shi a Hong Kong cikin 1881, lokacin tana hannun Ingilishi. Ubansa limamin Kirista ne, majami'arsa kuwa tana maƙwabtaka da asibitin da wani saurayi mai suna Sun Yat-sen yake koyon aikin likita. Tun yana yaro Wang ya san wannan mutum, wanda daga baya ya jagoranci tumɓuke sarakunan Sin. Ya shiga Jami'ar Peiyang a birnin Tientsin, ya karanta doka, ya fita cikin 1900. Takardar shaidar da aka ba shi ita ce mai lamba ɗaya cikin dukan takardun digiri da jami'o'in Sin suka bayar. Daga nan ya je Japan, sa'an nan Amurka, inda Jami'ar Yale ta ba shi digirin dakta cikin 1905. Ya ƙetare zuwa Ingila, aka shigar da shi cikin lauyoyin Landan a 1907. A wannan shekara ya fitar da fassarar babban littafin dokokin zaman jama'a na Jamus, daga Jamusanci zuwa Ingilishi. Ga mutumin Sin ya ɗauko littafi daga wani baƙon harshe ya zuba shi cikin wani baƙon harshen, lauyoyin Ingila da Amurka kuma suka yi shekaru suna dogara da ita.

Me ya sa ya ba da ƙuruciyarsa duka ga dokokin waɗansu mutane? Dalili shi ne wani wulaƙanci da ƙasarsa ke ciki. Tun bayan Yaƙin Ofiyam, wanda aka gama cikin 1842, manyan ƙasashe suka tilasta wa Sin ta yarda cewa ɗan ƙasarsu in ya yi laifi a Sin, ba alƙalin Sin zai hukunta shi ba, sai jakadan ƙasarsa. Hujjarsu ita ce dokokin Sin na dā ne, da azaba a cikinsu, ba su kuma da tsari. Wang ya ga ba yadda za a ƙwace wannan hujja daga bakinsu sai in Sin ta rubuta dokoki waɗanda ba wanda zai raina. Wannan aiki shi ya riƙa har tsufansa.

Da sarauta ta faɗi aka kafa jamhuriya a farkon 1912, sai Sun Yat-sen ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje, yana ɗan shekara talatin. Bayan 'yan watanni ya koma Ministan Shari'a, bai daɗe ba ya ajiye tare da abokansa, domin sabon shugaban ƙasa, Yuan Shih-kai, soja ne wanda ba ya jin maganar ministoci. Ya koma koyarwa da gyaran littattafai a Shanghai. Daga baya aka ba shi shugabancin hukumar tsara dokoki, cikin 1920 kuma ya zama babban alƙalin ƙasa. A taron Washinton na 1921 zuwa 1922 yana cikin manyan wakilai uku na Sin, ya roƙi a soke kotunan jakadu. Manyan ƙasashe ba su ƙi ba, ba su kuma yarda ba, sai suka ce za su aiko da hukumar bincike.

To, a wannan lokaci ƙasar Sin ta zama gawa ta rasa mai ita. Kowane janar ya kama lardinsa, yana karɓar haraji, yana ciyar da sojansa. Gwamnatin Peking suna ne kawai. Cikin watan Mayu 1922 waɗansu malamai goma sha shida, Wang yana cikinsu, suka sa hannu a wata takarda wadda shahararren malamin nan Hu Shih ya rubuta. Abin da suka ce shi ne ƙasa ta lalace domin mutanen kirki sun nannaɗe hannu sun bar siyasa ga miyagu, saboda haka dole su shigo. Ba a yi wata biyar ba sai aka ce musu ga fili ga mai doki. Ran 19 ga Satumba Wang ya zama Firayim Minista. Ya ɗauki Wellington Koo Ministan Harkokin Waje, ya ɗauki wani lauya, Lo Wen-kan, Ministan Kuɗi. Mutane suka sa wa majalisar suna Gwamnatin Mutanen Kirki.

Amma fa ba ƙuri'a ta kawo su ba. Janar Wu Pei-fu ne ya tsaya musu, shi kuwa yana da abokin hamayya a cikin ƙungiyarsu ta soja, watau Janar Tsao Kun, wanda idonsa ke kan kujerar shugaban ƙasa. Baitulmali babu kome, ma'aikata suna bin albashi, kowane janar yana aiko da takardar neman kuɗi. Mutanen Tsao Kun suka ga ɗan abin da ake samu ya fi karkata wajen Wu. Ran 18 ga Nuwamba da dare shugaban majalisar wakilai ya je wurin shugaban ƙasa, Li Yuan-hung, ya ce Ministan Kuɗi ya ci hanci wajen sabunta wani bashi na Ostiriya. A daren nan aka kama minista aka tsare, ba tare da alƙali ya ga ƙara ba. Wang ya ce wannan ya saɓa wa doka, gaskiyarsa kuwa. Wu Pei-fu ya fara tsaya masa, amma da ya ga sauran janar-janar sun bi bayan Tsao Kun, sai ya janye. Kafin watan ya ƙare Wang da ministocinsa sun sauka. Daga baya kotu ta wanke Lo Wen-kan. Shekara ta kewayo, cikin Oktoba 1923, Tsao Kun ya sayi ƙuri'un 'yan majalisa da kuɗi ya zama shugaban ƙasa. Mutanen kirkin nan ramin kura suka shiga, da littafin doka kaɗai a hannu.

Wani da ya sha irin wannan kunya sai ya koma gida ya yi fushi. Wang aikinsa na dā ya koma. Ya tafi birnin Heg na ƙasar Holan, inda ya yi aikin mataimakin alƙali a Kotun Duniya, daga baya ya zama cikakken alƙali daga 1931 zuwa 1936. Tsakanin nan, da jam'iyyar Kuomintang ta kafa gwamnati a Nanking, shi ya tsara dokar laifuffuka ta 1928, ya shugabanci sashen shari'a, ya ba da shawara wajen rubuta dokar zaman jama'a wadda aka fara aiki da ita daga 1929. Ya sake zama Ministan Harkokin Waje daga 1937 zuwa 1941, shekarun da Japan ta auka wa Sin. Ran 11 ga Janairu 1943 Ingila da Amurka suka sa hannu suka bar kotunan jakadu, bayan shekara ɗari.

Aikinsa da ya fi shafar Taiwan a Alƙahira ya yi shi. Japan ta karɓe tsibirin daga Sin tun 1895. Cikin Nuwamba 1943 Roosevelt na Amurka da Churchill na Ingila da Chiang Kai-shek na Sin suka taru a Masar, Wang yana cikin masu tsara takardar sanarwa. Wakilin Ingila ya so a rubuta cewa Japan za ta saki Mancuriya da Formosa, shi ke nan. Wang ya ƙi. Ya ce in ba a ambaci wanda za a mayar wa ba, an shuka rigima. Amurka ta goyi bayansa, aka rubuta cewa Jamhuriyar Sin za a mayar wa. Duk akawun da ya taɓa tsara takardar iyakar gona ya san nauyin irin wannan kalma. Ga shi kuwa a yarjejeniyar sulhu ta San Faransisko, cikin 1951, an rubuta cewa Japan ta saki Taiwan, ba a ce ga wa ba, har yau ana jayayya a kan takardun nan biyu.

Da 'yan Kwaminis suka ci yaƙin basasa cikin 1949, gwamnatin Chiang ta ƙaura zuwa Taiwan, Wang ya bi ta, ya ci gaba da shugabancin sashen shari'a da aka ba shi tun 1948. A nan akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Tsarin mulkin 1946, wanda da hannunsa aka rubuta shi, ya yi wa kowa alkawarin 'yanci, amma tun watan Mayu 1949 tsibirin yana ƙarƙashin dokar soja. Kotunan soja suna ɗaure mutane suna kashewa, babban alƙali yana ofishinsa bai hana ba. Ba a ɗage wannan doka ba sai 1987, shekara ashirin da tara bayan mutuwarsa.

Duk da haka dokokin da ya sa hannu a kansu sun rayu. Da su aka koyar da samarin Taiwan aikin lauya. Cikin 1980, sa'ad da aka gurfanar da shugabannin masu neman 'yancin siyasa saboda zanga-zangar Kaohsiung, waɗansu lauyoyi 'yan tsibirin suka tsaya musu. Ɗaya daga cikinsu, Chen Shui-bian, jama'a suka zaɓe shi shugaban ƙasa cikin 2000. Uku kuma, watau Chang Chun-hsiung da Frank Hsieh da Su Tseng-chang, kowannensu ya zama Firayim Minista, kowannensu kuma ya zarce kwana saba'in ɗin Wang nesa ba kusa ba, domin shugaban da ya naɗa su ƙuri'a ce ta kawo shi.