Charles de Foucauld: Limamin Kirista da ya yi shekara 11 cikin Abzinawa Musulmi

Ranar 15 ga watan Mayu na 2022, Paparoma Francis ya saka sunan Charles de Foucauld cikin jerin waliyyan cocin Katolika a birnin Roma. Bafaranshe ne, tsohon soja, wanda ya ƙare rayuwarsa a Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya, garin da direbobi da matafiya masu bin hanyar Agadas da Arlit da Assamaka suka sani sarai. Shekara 11 ya yi a can tsakanin Abzinawa Musulmi, da alamar gicciye a ƙirjin rigarsa. Ko mutum guda daga cikinsu bai bar Musulunci ya bi shi ba, su kuma ba su kore shi ba. Yadda aka yi wannan zama ne ya sa har yanzu ake waiwayar tarihinsa.

An haife shi ranar 15 ga Satumba 1858 a birnin Strasbourg, a gidan masu sarauta da dukiya. Bai cika shekara shida ba uwa da uba suka rasu, kakansa ya riƙe shi. Tun yana saurayi ya daina zuwa coci, ya daina yarda da Allah. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876, ya ci gadon kakansa, ya shiga ɓarnatar da shi wajen ci da sha da mata. A makarantar sojan doki ta Saumur shi ne ya zo na ƙarshe cikin ɗalibai 87. Da aka tura shi Aljeriya, aka sallame shi a 1881 saboda rashin ɗa'a, daga baya ya koma, sannan ya ajiye kaki don kansa a 1882.

A 1883 ya shiga Maroko, wadda a lokacin cikinta ke rufe ga Turawa. Ya yi shigar malamin Yahudawa, ya yi wata 11 yana yawo yana zana taswira a ɓoye. Aikin ya jawo masa lambar zinariya a Paris, amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne Musulmin da ya gani. Mutane ne matalauta, da lokacin salla ya yi sai su bar abin da suke yi, su fuskanci alƙibla a ko'ina suke, ba kunya ba tsoro. Wasiƙunsa sun nuna cewa wannan ne ya girgiza shi, har ya karanta Alƙur'ani, ya koyi Larabci. A Oktoba 1886, a wata majami'a ta Paris, ya koma ga addinin iyayensa a hannun wani limami mai suna Huvelin. Ke nan ibadar da Musulmi suka yi a fili ce ta fara tayar da Kirista daga barci.

Daga nan ya rabu da dukiya. A 1890 ya shiga gidan masu zuhudu na Trappe, ya zauna a Faransa da Siriya. A 1897 ya tafi Nazarat, garin Annabi Isa, ya zama baran gidan wasu mata masu ibada, yana shara yana zuwa aike. An naɗa shi limami a watan Yuni 1901, a shekarar kuma ya sauka Béni Abbès, cikin Saharar Aljeriya. Ƙofarsa a buɗe take ga matalauci da matafiyi da soja. A nan ya tarar ana riƙe da bayi a gaban idon hafsoshin Faransa, su kuwa sun kau da kai don kada su ɓata da masu bayin. Ya fanshi wasu da kuɗinsa, ya yi ta rubuta wa shugabanninsa wasiƙun ƙorafi masu zafi.

A watan Agusta 1905 ya isa Tamanrasset, wadda a lokacin ƙauye ce mai gidaje wajen ashirin. Amanokal Musa ag Amastan, sarkin Abzinawan Ahaggar, shi ya yarda masa ya zauna. Foucauld bai ɓoye ko shi wane ne ba. Farar rigarsa na ɗauke da jar zuciya da gicciye a kanta, ana ganin sa yana addu'a, ana kiran sa malamin Nasara. Sai dai bai tsaya a dandali yana wa'azi ba, bai kuma sa sharaɗi kan magani ko hatsin da yake rabawa ba. A ganinsa mutum ba ya sauraron wanda bai yarda da shi ba, yarda kuwa sai an zauna tare shekara da shekaru. Idan zance ya kai ga addini, yakan fara da abin da suka haɗu a kai: Allah ɗaya, addu'a, gaskiya, tausayin na ƙasa.

Babban abin da ya ci lokacinsa shi ne harshe. Ya yi fiye da shekara goma yana haɗa ƙamus na Tamashek da Faransanci, mai shafi sama da 2,000, wanda aka buga cikin littafi huɗu a 1951 da 1952, kuma masana na amfani da shi har yau. Ya tattara baitoci wajen 6,000 na waƙoƙin Abzinawa daga bakin maza da mata, ya fassara Linjila zuwa harshensu. Wanda ya zo don ya koyar ya wayi gari ɗalibi ne a gaban tsofaffin mata.

A farkon 1908, cikin wani fari mai tsanani, ya raba abincinsa har ya ƙare, ya kwanta ciwo kamar ba zai tashi ba. Abzinawa suka bi zango-zango suna neman awakin da ke da sauran nono, suka riƙa kawo masa har ya warke. Sun san shi Kirista ne, sun kuma san burinsa. Masu tarihi da dama na ganin daga nan zamansa ya sauya, domin ranar ce mai bayarwa ya koyi karɓa, ya zama maƙwabci kamar kowa.

Amma tarihin yana da wani gefe da bai kamata a rufe ba. Foucauld ya shiga Ahaggar ne a inuwar sojan mulkin mallaka, ta hanyar abokinsa Laperrine, kwamandan yankin. Yakan aika wa hafsoshi labarin abin da ke gudana a jeji. Ya yi tir da zaluncin wasu daga cikinsu, amma bai taɓa shakkar cewa Faransa na da hurumin mulkin Sahara ba, kuma har ƙarshe yana fatan wata rana mutanen yankin su zama Kirista. Shi ya sa wasu masana, a Aljeriya da Faransa, ke kallon sa a matsayin idon ƴan mulkin mallaka, suka kuma nuna rashin jin daɗi da aka ba shi walittaka.

Wannan haɗin ne ya kai shi ga ajali. A 1916 mayaƙan Sanusiyya sun taso daga Libiya, sun karɓe Djanet. Foucauld ya gina wata ƴar ganuwa ta ƙasa don mutanen ƙauyen su fake, aka kuma ajiye bindigogi a ciki. Da yammacin 1 ga Disamba 1916, wasu mahara suka sa wani mutum da ya sani ya kira shi waje, suka ɗaure shi, suka bar wani yaro ɗan shekara 15 yana gadin sa. Sai ga sojan raƙumi biyu sun ɓullo, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Yana da shekara 58. Musa ag Amastan ya rubuta wa ƙanwarsa takardar ta'aziyya mai cike da alhini.

A cikin watan nan ne Kawusan, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas. Da dakaru suka taso daga Damagaram suka karya ƙawanyar a Maris 1917, an yi ramuwa mai muni, aka kashe malamai da dama na garin. Guguwa ɗaya ce ta ci limamin Tamanrasset da malaman Agadas.

Ya rasu ba shi da almajiri ko ɗaya. Sai a 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu, ta mata kuma a 1939, masu bin tafarkinsa: zama cikin talakawa, cin abin da suke ci, yin aikin da suke yi. Sun bazu a ƙasashe da dama, har da Nijar.

A ƙasarmu, inda Kirista ba su da yawa, inda kuma ba a manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairu 2015 ba, tarihinsa na da abin faɗi ga kowane ɓangare. Foucauld ya bayyana addininsa a fili ba tare da ya zagi na masu masaukinsa ba, su kuma sun riƙe nasu da ƙarfi, suka kuma ciyar da shi da nonon awakinsu. Abin da ya ɓata lamarin shi ne bindigar da ke jingine a bayan ɗakin addu'a. Kabarinsa na El Menia, a Aljeriya, inda aka mayar da gawarsa a 1929.