Gustav Holst, malamin ajin da ya ɗaga darajar badujala

A bara, ana saura sati biyu bikin 18 ga Disamba, darakta ya ɗora mini koya wa yara fareti. Ba mu da ganga, ba mu da begila, sai wayata da wata ƴar sifika ta aro. Ina cikin lalube a intanet in samo kiɗan badujala da za su taka, sai na faɗa kan wani kiɗa da ya fara a hankali, kamar raƙumi ya tashi da kaya. Na saurare shi sau huɗu a daren. Da na bi diddigin mai shi, ashe abokin sana'ata ne, malamin aji.

Sunansa Gustav Holst. An haife shi ranar 21 ga Satumba 1874 a garin Cheltenham na Ingila. Mahaifinsa makaɗin fiyano ne, kuma ya so ɗan ya gaje shi. To amma yaron ba mai lafiya ba ne: ga asma, ga raunin gani, ga ciwon jijiya a hannun dama. Mahaifiyarsa ta rasu bai cika shekara takwas ba. A 1893 ya shiga babbar kwalejin kiɗa ta Landan, a can ne hannun ya nuna masa cewa fiyano ba zai ba shi abinci ba. Sai ya koma wa turombon, wannan kakakin Turawa da ake zuge shi gaba da baya, wanda ya fara busawa tun yana yaro. Daga 1898 ya yi shekaru yana bin ƙungiyoyin makaɗa gari gari yana busa don ya ci.

Wani zai ce wannan faɗuwa ce. Ni ina ganin a nan ya yi karatun da ba a bayarwa a kwaleji. Zama cikin sahun masu busa ya sanar da shi inda numfashi ke ƙarewa, da sautin da ke yi wa kowane kayan busa daɗi, da wanda ke wahalar da shi.

Bayan ya yi aure a 1901 ya gaji da yawo, ya kama koyarwa. A 1905 ya zama malamin kiɗa a makarantar ƴan mata ta St Paul da ke unguwar Hammersmith, kuma bai bar ta ba har ya mutu. Daga 1907 ya ƙara da darasin dare a kwalejin Morley, inda ma'aikata ke zuwa bayan sun tashi aiki. Rubuta nasa kiɗan kuwa sai ƙarshen mako da lokacin hutu. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Tun da na fito daga makarantar horar da malamai nake cewa zan rubuta ɗan littafin karatu na yara da Hausa, kullum hujjata ba lokaci, alli ya cinye ni. Shi kuwa a irin wannan guntun lokacin ya rubuta The Planets, kiɗan duniyoyi bakwai da ya fara a 1914, wanda ya sa duniya ta san shi.

A 1908 likita ya ce ya je ya huta, sai ya tafi Aljeriya, ya yi ta yawo a keke. Can ya ji wani mai sarewa a bakin titi yana maimaita gajeren amo guda har sama da awa biyu. Ya koma gida ya saka shi cikin kiɗan da ya kira Beni Mora, inda amon ke dawowa fiye da sau ɗari. Mu da muka tashi da algaita da kalangu, wannan ba abin mamaki ba ne a kunnenmu.

Kiɗan da ya hana ni barci kuwa shi ne jerin farko da ya rubuta wa badujala a 1909. A zamanin, aikin masu badujala shi ne maci da kwaikwayon abin da aka rubuta wa masu goge. Manyan mawallafa ba su ɗauke su da daraja ba. Holst ya rubuta musu nasu na kansu, kashi uku, duka bai wuce minti goma sha ɗaya ba, kuma ya tsara shi yadda ko ƙaramar ƙungiya za ta iya busawa.

In za ka saurara, ka sa kunne ga masu babbar murya a farko. Su ke buɗewa da wani gajeren amo, sai a yi ta miƙa shi daga wannan kayan busa zuwa wancan, har sau goma sha shida, kowane zagaye da sabuwar riga. A tsakiya sai ya kifar da shi, inda yake hawa ya koma sauka, kiɗan ya yi duhu kamar hadari ya haɗu. Kashi na biyu mai sauri ne, na uku maci ne, amma dukansu daga sautuka ukun farko na wancan amon suka tsiro. Na kai wa maƙwabcina, wani tsohon soja da ya yi busa a badujala. A zagaye na uku ya riga ya kama amon yana binsa da baki, daga baya ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohon kakakinsa. Ni ma ya ba ni na gwada, abin da ya fito ya kori kajin gidan.

Jerin ya yi shekara goma sha ɗaya kafin a busa shi a babban taro, a 1920, a makarantar kiɗan soja ta Kneller Hall. Na biyu da ya rubuta a 1911 shi ma sai 1922. Da suna ya zo masa, bai ji daɗinsa ba; mutum ne mai kunya, yana gudun ƴan jarida, ya ci gaba da shiga aji.

BBC ta nemi ya rubuta wa badujalarta kiɗa, ya rubuta shi a 1930, ya sa masa sunan unguwar makarantarsa, Hammersmith. A birnin Washington na Amurka aka fara busa shi a 1932, rashin lafiya ta hana shi halarta. Gyambon ciki ne ya kwantar da shi, aka yi masa aiki, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya rasu a Landan ranar 25 ga Mayu 1934, yana da shekara 59.

Faretin kuwa, da kashi na uku muka yi shi. Yara sun taka daidai har zuwa inda kiɗan ya yi laushi a tsakiya, nan sahun baya suka manta da ƙafa suka tsaya saurare.