Tunawa da Marigayi Sarkin Kano Abdullahi Bayero

An haifi Alhaji Abdullahi Bayero a 1881, ya zama Sarkin Kano a 1926, zamanin da ƙasarmu ta Haɗeja ke cikin Lardin Kano. A kotunsa ake raba gardamar gonaki da gidaje. Shi ya tsaya aka kashe kuɗin baitulmalin En'e wajen jawo ruwan famfo daga Kogin Challawa zuwa birni, ruwan da ke gangarowa har fadamun Kirikasamma. Allah ya yi masa rasuwa a 1953.

Mu mazauna birane, in mun buɗe famfo mu tuna gida: tun bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya gonakin iyayenmu ta ragu. Allah ya jiƙansa da rahama.