Maria Montessori (1870–1952): Likitar Da Ta Buɗe Gidan Yara

Duk wanda ya bi Titin Zariya da sassafe, ko ya ratsa lungunan Gyadi-Gyadi da Tarauni, zai ga iyaye riƙe da hannun 'yan ƙananan yara za su kai su makaranta. A biranen ƙasarmu, makarantun renon yara da dama suna ɗauke da sunan Montessori a allunansu. Amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa sunan wata mace ne, likita, 'yar Katolika, wadda ta soma aikinta a gidan haya na talakawa. A wannan fitowar mun kawo muku tarihinta, domin ko iyayen da ba su da halin biyan kuɗin irin waɗannan makarantu su sami abin amfana.

An haifi Maria Montessori ran 31 ga Agusta, 1870, a garin Chiaravalle na ƙasar Italiya. Mahaifinta, Alessandro, ma'aikacin gwamnati ne. Mahaifiyarta, Renilde Stoppani, mace ce mai son karatu, ita ce kuwa ta tsaya mata a duk abin da ta sa gaba. Tana ƙarama iyalin suka koma birnin Roma. Da ta girma ta ce likita take so ta zama, mahaifinta bai yarda da farko ba, gama a zamanin aikin maza ne. Da ta shiga Jami'ar Roma, ba a bar ta ta koyi fiɗar gawa tare da ɗalibai maza ba, sai ita kaɗai bayan an tashi. Ta daure, har ta gama a 1896, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka zama likitoci a Italiya.

Aikinta na fari ya kai ta gidajen da ake tsare masu taɓin hankali. A can ta tarar da yara masu jinkirin fahimta an kulle su a ɗaki wayam, babu abin wasa ko ɗaya. Mai kula da su ta yi ƙorafi cewa da zarar sun ci abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Maria ta duba, ta gane cewa hannuwansu ne ke neman abin taɓawa, hankalinsu kuma yana neman abin yi. Ta nazarci ayyukan likitoci biyu na Faransa, Jean Itard da Édouard Séguin, ta ƙera kayan koyo da ake taɓawa da hannu. A 1900 aka ba ta shugabancin wata makaranta ta irin waɗannan yara tare da wani likita, Giuseppe Montesano. Wasu daga cikin yaran suka zauna jarrabawar gwamnati tare da yara masu lafiya, suka ci. Mutane suna ta murna, ita kuwa tana tambayar kanta abin da ke danne yara masu lafiya a makarantunsu, har waɗannan suka kamo su.

Rayuwarta ba ta rasa nata rauni ba. A 1898 ta haifi ɗa, Mario, ba tare da aure ba, aka ba da shi reno a ƙauye. Takan ziyarce shi ba tare da ya san ita ce uwarsa ba. Sai bayan rasuwar mahaifiyarta a 1912 ta ɗauko shi, daga baya ya zama babban mataimakinta har ƙarshen ranta.

A unguwar San Lorenzo ta Roma akwai manyan gidajen haya na leburori. Iyaye su fita aiki tun da safe, yara su wuni suna ɓata bango da matakala. Masu gidajen suka ga gara a tara yaran a ɗaki guda, suka nemi Maria ta lura da aikin. Ran 6 ga Janairu, 1907, ranar Idin Bayyanuwar Ubangiji, aka buɗe wurin da yara wajen 50, 'yan ƙasa da shekara bakwai. Aka sa masa suna Gidan Yara. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawonsu, ta koya musu wanke hannu, sa maɓalli, share ɗaki da zuba ruwa ba zubarwa.

Ba ta yi niyyar koya musu karatu ba. Iyaye mata, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba, su ne suka roƙe ta. Da yake babu kuɗin sayen haruffan katako, sai ta yanka haruffa daga sanfefa irin ta kafinta, ta manna a kan kwali. Yaro zai bi harafin da yatsu biyu yana furta sautinsa, ido yana gani, kunne yana ji, hannu yana riƙe siffar. Ta yanka wasu haruffan na kwali waɗanda yaro zai jera ya haɗa kalma tun kafin ya iya rubutawa. Domin horar da hannu kuma, ta ba su siffofi na ƙarfe, da'ira da murabba'i da sauransu. Yaro ya zagaye siffar da fensir mai launi, sa'an nan ya cike cikinta da layuka, yana ƙoƙarin kada ya ƙetare iyaka. Da fari layukan sukan fito barkatai, sannu a hankali su daidaita. Ta haka yatsu ke sabawa da riƙon fensir tun ba a ɗora musu wahalar rubutu ba.

Wata rana a watan Disamba na 1907, tana tare da yaran a saman soro, ta ba wani yaro alli ya zana mata bututun hayaƙi. Ya zana, sai kuma ya durƙusa ya rubuta kalmar da ke nufin hannu da Italiyanci, yana ihun murna. Sauran suka karɓi alli, suka cika daɓe da kalmomi. Karatu ya biyo baya: takan rubuta ɗan umurni a takarda, yaro ya karanta shiru, ya tashi ya aikata.

A 1909 ta wallafa littafinta a kan wannan hanya, aka fassara shi da Turanci a 1912, sunanta ya kai Ingila da Amurka. Sistoci na Franciscan Missionaries of Mary suka buɗe Gidan Yara a gidansu na Roma domin marayun girgizar ƙasar Messina ta 1908. A Barcelona ta ƙasar Sifen aka shirya wa yara ƙaramin ɗakin sujada daidai su, a 1932 kuma ta rubuta littafin da ke bayyana wa yara ma'anar Misa. Bayan rasuwarta, Sofia Cavalletti da Gianna Gobbi suka ɗora a kan wannan tushe, suka fara koyarwar Makiyayi Mai Kyau a Roma a 1954.

Gwamnatin Mussolini ta goyi bayanta da fari, amma da aka so mai da yara 'yan amshin shatar mulki, suka raba gari. Ta bar Italiya a 1934, aka rufe makarantunta. Yaƙin basasar Sifen na 1936 ya sake tayar da ita, ta zauna a Holand. A 1939 ta tafi Indiya horar da malamai, Yaƙin Duniya na Biyu ya tsare ta can har 1946. Sau uku aka gabatar da sunanta domin kyautar Nobel ta zaman lafiya, a 1949, 1950 da 1951. Ta rasu ran 6 ga Mayu, 1952, a Noordwijk ta ƙasar Holand, tana da shekara 81, aka binne ta a makabartar Katolika ta garin.

Ya ku iyaye, abin da ya taimaki yaran San Lorenzo yana hannunmu. Italiyanci ana rubuta shi kusan yadda ake faɗinsa, Hausar boko ma haka take. Yaron da ya san sautin b da a zai haɗa baba da kansa, saboda haka a fara masa da sauti kafin sunan harafi, da harshen da yake ji a gida. Guntun sanfefa daga shagon kafinta, tsohon kwali, almakashi, faranti da yashi a ciki domin rubutu da yatsa, murfin kwano da zai zagaye ya cike da launi, sun isa. Mu da muke zaune a Kano mun saba ganin yaran maƙwabtanmu Musulmi da allo da tawada tun suna ƙanana, mun kuma ga zayyana mai launi da ake ƙawata allo da ita, don haka ba baƙon abu ba ne a gare mu. Maria ta ƙi bulala, ta ƙi cin hanci da alewa. A nuna wa yaro sau ɗaya a natse, a bar shi ya maimaita iya son ransa, in ya gaji a ajiye sai gobe.

A cikin Bisharar Markus sura 10, Ubangijinmu Yesu ya tsawata wa almajiransa da suka hana a kawo masa yara. Bari uwa ko uba su keɓe ɗan lokaci kowace yamma, su zauna a tabarma tare da ƙaraminsu. Allah ya albarkaci gidajenmu da 'ya'yanmu, ya kuma ba baiwarsa Maria hutawa ta har abada. Amin.