John Peel: Mutumin da ya shekara 37 yana nemo wa jama'a kiɗan da ba su taɓa ji ba

A wani yammaci cikin makon jiya, a gidanmu da ke Malali, na tarar da ɗan ƙanena zaune a baranda ya toshe kunnuwansa, yana ta latsa waya cikin alamun gajiya. Da na bincika, ashe yaron ya faɗa sha'awar kiɗan Turawan nan da ake kira rok, musamman reshensa mai dogon zango da sarƙaƙiyar tsari, da kuma ɗan'uwansa mai tsananin ƙara da suke kira metal. Kukansa shi ne, duk da ɗimbin waƙoƙin da ke cikin wayar, manhajar ba ta kawo masa komai sai irin abin da ya riga ya ji jiya da shekaranjiya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Wannan ya tuna mini da wani Bature da wasunmu suka riƙa tsintar muryarsa a gajeren zango, a sashen Ingilishi na BBC, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana magance daidai wannan matsala. Sunansa John Peel, kuma ina ganin akwai abin da tarihinsa zai koya wa masu saurarenmu da masu gidajen rediyonmu.

Sunansa na yanka John Robert Parker Ravenscroft. An haife shi ran 30 ga Agusta, 1939, a garin Heswall da ke kusa da birnin Liverpool a Ingila, kwana biyu kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinsa attajirin dillalin auduga ne, don haka aka kai yaron makarantar kwana ta 'ya'yan manya da ke Shrewsbury. Bai yi wani abin a zo a gani a aji ba, hankalinsa na kan faifan garmaho. A 1956 ya ji muryar Elvis Presley a rediyo, kuma daga ranar bai sake samun abin da ya ɗauke masa hankali kamar sabon sauti ba. Ya yi aikin soja na dole a rundunar manyan bindigogi, ya taɓa aiki a wata masaƙa a Rochdale, sannan a 1960 ya tafi Dallas ta Amurka da niyyar koyon kasuwancin auduga irin na mahaifinsa.

Audugar ba ta karɓe shi ba. Ya koma tallar inshora, yana yawo gari-gari a jihar Texas da rediyon motarsa a kunne. A Dallas ɗin ne aka kashe Shugaba Kennedy a Nuwamban 1963, kuma saurayin ya yi shigar burtu a matsayin wakilin wata jaridar Liverpool har ya kutsa cikin ɗakin da aka gabatar da Lee Harvey Oswald ga 'yan jarida. Aikinsa na farko a rediyo, a tashar WRR, kyauta ya yi shi, domin an gano yana da faya-fayen mawaƙan baƙar fatar Amurka da tashar ma ba ta da su. Da guguwar Beatles ta taso a 1964, sai kasancewarsa ɗan yankin Liverpool ta zame masa jari, tashar KLIF ta ɗauke shi a matsayin masanin al'amuransu. Daga nan ya yi aiki a Oklahoma, ya kuma yi a San Bernardino ta jihar Kalifoniya, inda ya ga tasowar sabon salon rok da idonsa.

A farkon 1967 ya koma gida. A lokacin BBC ce kaɗai ke da izinin watsa shirye-shiryen rediyo a Birtaniya, kuma ba ta ba kiɗan matasa wani fili mai yawa, saboda haka wasu 'yan kasuwa suka kafa tashoshi a cikin jiragen ruwa, suka girke su a teku inda doka ba ta kai ba. A ɗaya daga cikinsu, Radio London, aka ba shi zangon tsakar dare zuwa ƙarfe biyu, a nan ne kuma ya ɗauki sunan John Peel. Da ya lura shugabannin tashar barci suke yi a wannan lokaci, sai ya jingine jerin waƙoƙin da aka ba shi, ya riƙa sa abin da ransa ke so a shirin da ya raɗa wa suna The Perfumed Garden, wato lambu mai ƙamshi. Wasiƙun masu sauraro suka riƙa kwararowa. Gwamnati ta yi dokar da ta rufe tashar ran 14 ga Agusta, 1967, BBC kuma ta buɗe Radio 1 ran 30 ga Satumba don ta gaji masu sauraren. Peel na cikin waɗanda ta ɗauka, bai kuma bar ta ba har ƙarshen rayuwarsa.

To, a nan ne wani cikas ya zama alheri. Akwai yarjejeniya tsakanin BBC da kamfanonin faifai da ƙungiyar makaɗa, wadda ta ƙayyade sa'o'in da za a iya sa faifai a iska kowace rana. Sauran lokacin dole a cike shi da kiɗan da aka ɗauka a ɗakunan BBC. Peel da furodusoshinsa, musamman John Walters wanda suka yi aiki tare daga 1969 zuwa 1991, suka mayar da wannan ƙa'ida ƙofar shigowar waɗanda ba a sani ba. Sai a gayyato rukunin makaɗa, galibi zuwa ɗakunan ɗaukar sauti na Maida Vale a Landan, a ba su yini guda su ɗauki waƙa kamar huɗu, a biya su ladan aikinsu, a watsa wa ƙasa baki ɗaya. Ba a tambayar ko suna da kamfani, ko suna da uban gida. Kafin rasuwarsa an yi irin wannan ɗauka sama da 4,000, da mawaƙa da rukunoni sama da 2,000.

Mai karatu ya dubi jerin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa tun ba su zama kowa ba. Pink Floyd da David Bowie sun shigo tun 1967. King Crimson, waɗanda ake ɗauka a matsayin ginshiƙin rok mai zurfin tsari, sun yi ɗaukarsu a watan Mayun 1969, watanni kafin fitowar faifansu na farko. Black Sabbath, kakannin metal, sun zo a Nuwamban shekarar, faifansu bai fito ba sai Fabrairun 1970. Roxy Music sun zo a farkon 1972 ba su da ko kamfani. Shi ne ya buɗe wa Ingilishi kunne ga makaɗan gwaji na Jamus irin su Can da Faust da Tangerine Dream. A 1973, da wani matashi ɗan shekara 20 mai suna Mike Oldfield ya fitar da Tubular Bells, kiɗa na kusan minti 50 wanda kusan babu waƙa a cikinsa, Peel ya sa shi a shirinsa na Top Gear. Faifan ne na farko da kamfanin Virgin ya fitar, shi ne kuma ya kafa arzikinsa.

Abin da ya fi burge ni a halinsa shi ne rashin zama wuri ɗaya. Da wasu taurarin rok suka yi ƙiba, kiɗansu ya koma baje kolin gwaninta da tarin kayan aiki, bai ji nauyin sukarsu ba, har da fitattun nan Emerson, Lake and Palmer. A 1976 ya ji faifan Ramones, ya karkata ga sabon salon matasan unguwa da ake kira fank, mai gajeren zango da kaushi. Tsofaffin masu saurarensa suka yi ta aiko da wasiƙun fushi, da yawa suka gudu, ƙanana suka maye gurbinsu. A 1978 ya sa wata waƙar Undertones sau biyu a jere saboda tsananin son da ya yi mata. Ya gayyaci rukunin The Fall har sau 24. A 1987, yana dab da shekara 50, ya kawo Napalm Death na Birmingham, masu metal mafi tsanani da gaggawa, waɗanda ke da waƙar da tsawonta bai kai daƙiƙa biyu ba. Nirvana sun yi ɗauka a wurinsa a 1989, shekara biyu kafin duniya ta san su.

Bai taƙaita ga kiɗan fararen fata ba. Bob Marley da Wailers sun yi ɗauka a shirinsa a 1973, kuma ya ci gaba da sa rege duk da wasiƙun zagi daga masu wariyar launin fata. A 1986, shi da abokin aikinsa Andy Kershaw suka tallata Bhundu Boys na Zimbabuwe, har ta kai a shekarar da ta biyo suka buɗe wa Madonna fage a filin Wembley. Four Brothers, su ma 'yan Zimbabuwe, su ne suka yi wasa a bikin cikarsa shekara 50. A zango guda mai sauraro kan ji jitar Kwango, ya ji metal, ya ji tsohon faifan shekarun 1930, duk ba tare da an ba shi haƙuri ba.

Mene ne sirrin? Sauraro ne, ba wani abu ba. Kaset-kaset na gwaji kan zo masa buhu-buhu daga yaran da ke kiɗa a garejin iyayensu, shi kuma yana zama ya saurara, a gida da cikin mota. Idan ya sa waƙa ba ya magana a kanta, yakan bari ta ƙare, sannan ya faɗi sunan masu ita da inda za a same ta, wani lokaci har da adireshin da za a aika kuɗi. Yana yawan kuskuren sa faifai a gudun da ba nasa ba, masu sauraro kuma suka mayar da hakan abin raha. A 1983 ya ambata a iska cewa yana jin yunwa, sai wani matashin mawaƙi, Billy Bragg, ya garzayo da shinkafa biriyani haɗe da faifansa. Peel ya ci shinkafar, ya sa faifan, a gudun da ba daidai ba kamar yadda ya saba, kuma daga nan aka fara jin sunan Bragg.

Adalci ne a faɗi inda ya gaza. A 1965 a Texas ya auri yarinya 'yar shekara 15, auren da ya ƙare cikin baƙin ciki. A hirarrakin da ya yi daga baya ya ambaci mu'amalarsa da 'yan mata masu ƙarancin shekaru a zamanin da yake Amurka, cikin sigar da ba ta nuna ya ɗauki abin da nauyin da ya kamata ba. Bayan tonon asirin Jimmy Savile a 2012, Birtaniya ta sake waiwayar waɗannan kalamai, kuma darajarsa ta ragu a idon mutane da dama. Wanda aka ba makirfo an ba shi amanar 'ya'yan mutane, kuma kaifin kunne ba ya wanke cin wannan amana. Aurensa na biyu da Sheila a 1974 ya ɗore, suka haifi 'ya'ya huɗu.

A 1998 Sarauniya ta ba shi lambar girma ta OBE, a shekarar kuma ya fara shirin Home Truths kan al'amuran iyali a Radio 4. Ya rasu ran 25 ga Oktoba, 2004, sakamakon bugun zuciya a birnin Cusco na ƙasar Peru, yana da shekara 65. An binne shi a ƙauyen Great Finborough da ke Suffolk, kusa da gidan da ya tara manyan faya-faye sama da 26,000. Matarsa ce ta ƙarasa littafin tarihinsa, Margrave of the Marshes, wanda ya fito a 2005.

Yanzu mu dawo gida. Kaduna ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. Gidan rediyon da aka kafa a nan a 1962 shi ne ya kai muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos lunguna da saƙunan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, domin akwai ma'aikatan da suka ɗauki nemo mawaƙi da naɗar muryarsa a matsayin aikinsu. Amma mu dubi abin da ya faru da masu gwada sabon sauti a yankinmu. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗansa na lantarki a 1978, kaset ɗin ya kwanta har sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013. Mdou Moctar, Buzun nan makaɗin jita wanda yau ke zagaya duniya da rok ɗin Sahara, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008. Ta memorin wayoyi waƙoƙinsa suka yaɗu, kuma Ba'amurke ne ya bi sawunsu har ya gano shi. Rok ɗin Nijeriya na shekarun 1970, na su BLO da Ofege da Funkees, wani kamfanin Ingila ne, Soundway, ya tattaro shi ya sake fitarwa a 2008. Kayan namu ne, masu nemowa baƙi.

Tashoshin FM sun yawaita a Kaduna da Kano da sauran biranenmu, amma ƙorafin matasan mawaƙa ɗaya ne: wanda ba shi da kuɗi ko sanayya ba ya shiga iska, wanda kuma ya zo da abin da bai yi kama da na kasuwa ba, ba a ma tsayawa a saurare shi. Abin da Peel ya samu bai fi ƙarfin kowace tasha ba: sa'a biyu da dare, ɗakin naɗa na yini guda, da shugabannin da suka haƙura da shi ko da ba su fahimci abin da yake sawa ba. Manhaja tana auna abin da mutum ya so jiya ne ta ƙara masa irinsa, alhali Peel ya gina sunansa ne a kan kawo abin da mai sauraro bai san zai so ba.

Shi kuwa ɗan ƙanena, shawarar da na ba shi ita ce ya nemi ɗauke-ɗauken Peel, waɗanda da yawansu ke intanet, da jerin waƙoƙi 50 da masu saurarensa suka riƙa zaɓa duk ƙarshen shekara tun daga 1976. Ya fara da King Crimson da Can, ya bi ta kan Black Sabbath zuwa Napalm Death, duk sunan da ya burge shi ya binciko su wa suka koya masa da su wa suka koya daga gare shi, kuma kada ya yanke wa kiɗa hukunci kafin ya ji shi sau uku. Na kuma ce ya haɗa da Mdou Moctar, tunda a Sakkwato ya fara.