Likita Loeffler, Wanda Ya Tona Asirin Mashaƙo

Malaman makaranta da akawunan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su manta da ciwon mashaƙo ba, wanda ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya bazu cikin 2023 har ya taɓa ƙasar Katsina, ya ɗebi yara masu yawa, galibinsu waɗanda ba a cika musu allurar rigakafi ba. Saboda haka muka ga ya kyautu mu ba masu karatu labarin mutumin da ya fara kama ƙwayar wannan cuta, ya yi kiwonta, har ya gane yadda ta ke kisa.

Sunansa Friedrich Loeffler, Bajamushe ne. An haife shi ran 24 ga watan Yuni, 1852, a garin Frankfurt na bakin kogin Oder. Ubansa babban likitan soja ne, shi ma ya bi sawunsa, har ya yi jiyyar masu rauni a yaƙin Jamus da Faransa na 1870 tun yana ɗalibi. Bayan ya ƙare karatu ya taɓa aikin soja, sa'an nan aka tura shi ofishin lafiya na Barlin, inda ya zama mataimakin Robert Koch, mashahurin likitan nan da ya gano ƙwayar tarin fuka cikin 1882.

A zamanin nan mashaƙo na cikin manyan masu kashe yara a Turai. Wata fata mai launin toka ta kan fito a maƙogwaron yaro ta toshe masa numfashi, wanda ya tsira daga shaƙewa kuwa sau da yawa zuciyarsa ta kan gaza bayan 'yan makonni. Wani likita, Klebs, ya hangi waɗansu ƙwayoyi masu kama da 'yan sanduna a cikin fatar nan cikin 1883, amma bakin mutum cike ya ke da ƙwayoyi iri iri, ba wanda ya san mai laifi. Loeffler ya dasƙarar da ruwan jinin dabba a cikin kwalabe, ya shuka abin da ya ɗebo daga maƙogwaron marasa lafiya, ya yi ta tsincewa har 'yan sandunan nan suka tsiro su kaɗai. Da ya sa wa ɓerayen Masar sai suka mutu.

To, a nan ne abin mamaki ya ke. Da ya feɗe dabbobin sai ya tarar cikinsu ya lalace, amma ƙwayoyin ba su yi gaba ba, suna nan wurin da ya soka allura. Ya yi tunani, ya ga ba yadda za a yi abin da ke zaune wuri guda ya yi ɓarna a nesa, sai fa in yana fitar da wani dafi da jini ke kwasa. Ya rubuta haka cikin 1884, ya kuwa faɗa a fili cewa zato ya ke yi, bai riƙe dafin a hannu ba.

Akwai kuma wani abin da ya dame shi. Bai sami ƙwayar ga dukan masu ciwon da ya duba ba, sa'an nan ga shi ya same ta a maƙogwaron wani yaro lafiyayye sarai. Wani mai neman suna da ya binne wannan magana, don tana rushe masa hujja. Shi kuwa ya sa ta cikin littafinsa, ya ƙi yanke hukunci cewa lalle ya gano sanadin ciwon. Mu dai a ganinmu wannan ya fi duk sauran aikinsa daraja, gama abin da ya ɗauka cikas ne ya zama babban ilmi: mutum ya kan ɗauki ƙwayar cuta yana yawo da ita, yana rabawa, alhali ko kansa ba ya ciwo. Malamin da yaro ɗaya ya kwanta masa da mashaƙo ya kamata ya san sauran 'yan ajin ma abin dubawa ne, ko da suna ta guje-guje a fili.

Ba a daɗe ba zatonsa ya tabbata. Cikin 1888 Roux da Yersin, a ma'aikatar Pasteur ta birnin Faris, suka tace romon da ƙwayoyin suka tsiro a ciki har ba ko ɗaya da ta rage, duk da haka ruwan ya kashe dabbobi. Daga nan Behring ya samo makarin dafin, aka ba shi kyautar Nobel cikin 1901, Loeffler kuwa bai taɓa samunta ba. Cikin 1923 Ramon ya kashe kaifin dafin da magani ya mai da shi rigakafi, shi ne asalin wanda a ke yi wa jarirai a asibitocinmu suna da mako 6 da 10 da 14. Yanzu an sani dafin nan furotin ne, yana shiga cikin ƙwayoyin halittar jiki ya tsai da aikinsu na gina nasu furotin, sai su mutu.

Ƙwayar mashaƙo ba ta tafiya, amma ta kwalara da ta taifod suna iyo cikin ruwa da wata wutsiya siririya ƙwarai, wadda da ƙyar madubin likita ke nunawa. Wajen 1890 Loeffler ya samo dabarar rina ta. Ya fara jiƙa ƙwayoyin da gishirin ƙarfe da wani sinadari mai bauri, irin wanda ke cikin bagaruwar da majemanmu ke jima da ita, wutsiyar ta yi kauri ta kama rini, kowa ya gani. Sai cikin 1973 da 1974 aka tabbatar juyawa ta ke yi kamar farfela, da wani ɗan inji a gindinta.

Ya kuma gano wata ƙwaya, 'yar'uwar ta taifod, wadda ke kashe ɓeraye, har ya tafi da ita ƙasar Girka cikin 1892 don a yaƙi ɓerayen da ke cinye gonaki. Wannan dabara dai ba mu yabe ta ba, domin daga baya an ga ƙwayar tana sa wa mutane gudawa. Amma a jikinta ne masana suka hangi wata 'yar allura cikin 1998, wadda ta ke soka wa hanjin mutum ta ɗura masa furotin nata, gindin allurar kuwa ya yi kama ƙwarai da gindin wutsiyar da Loeffler ya rina.

Tun 1888 ya koma koyarwa a jami'ar Greifswald. A can gwamnati ta ɗora masa binciken ciwon nan na baki da kofato wanda makiyayanmu ke kira boru. Shi da Paul Frosch suka nuna cikin 1898 cewa abin da ke kawo shi ya kan wuce ta matacin da ke tare bakteriya, kuma yana hayayyafa, watau ba dafi ba ne. Wannan shi ne bairas na farko da aka gano ga dabba. Aikin ya jawo masa baƙin jini, gama ciwon ya riƙa tsallakawa daga shanun gwajinsa zuwa garkunan maƙwabta, manoma suka kai ƙara, aka hana shi cikin 1907. Sai ya ƙaura da aikin zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Riems, ya buɗe ma'aikata a can cikin 1910, wadda har yanzu tana nan da sunansa.

Cikin 1913 aka kira shi Barlin ya shugabanci ma'aikatar maigidansa Koch. Bai cika shekara biyu a kan kujerar ba ya mutu, ran 9 ga watan Afrilu, 1915, yana da shekara 62, aka kai shi Greifswald aka binne.